Kada Ka Hau Jirgin Nan

Tun da sassafe ragon nan yake kuka a tsakar gida, kamar wanda aka biya ya tashi mutanen unguwar Liman Abaji ta Keffi daga barci. Fari ne tas, ga ƙaho ga wuya. Zaharadeen ne ya aiko da shi jiya, wai na layyar Abba.

Ikhlas ta ratsa ta gefensa ko kallo bai ishe ta ba. Tana gyara mayafi za ta fita aiki ta ji muryar mahaifinta daga falo.

"Ikhlas, zo nan."

Ta san zancen. Ta shiga ta durƙusa a gefen kujera.

"Jibi Sallah," Abba ya ce yana ninke jarida. "Akwai labari?"

"Babu tukuna, Abba. Har yanzu yana jiran amsar hukumar can."

"To. Ni dai ban yi miki dole ba, kuma ba zan yi ba. Shekararki ashirin da bakwai, kin gama jami'a, kin gama bautar ƙasa, kin fi ƙarfin a yi miki dole. Ke da bakinki kika ce in yaron nan bai zo da ƙafarsa ya gaishe ni ba zuwa ranar Sallah, kin amince da Zaharadeen. Ko ba a yi haka ba?"

"An yi, Abba."

"Ni ba na aurar da 'yata ga hoto a waya. Mutum nake son gani, ya zauna a kan tabarmar nan in dubi idonsa. Tashi ki tafi."

Gaskiya ne, ita ta ɗauki alkawarin, kuma a lokacin da ƙarfinta ta ɗauka. Yaron da ake magana, Abdulmuhaimin, ɗan wata ruga ne a bayan Jigwada, likitan dabbobi, ya samu tallafin karatu zuwa Ingila yana bincike a kan sammore, cutar da ke ƙarar musu da shanu. Shekara uku ke nan tana jiransa. A lissafinsu zai gama kafin azumi, ya dawo da digirinsa ya shiga gaban Abba da kai a sama. Sai binciken ya ja, bizarsa ta zo ƙarewa, ya nemi ƙarin wa'adi. Tun daga nan shiru kake ji.

A soro ta ci karo da ƙanwarta Jidda, ido ya kumbura sumtum.

"Yaya, don girman Allah ki tausaya min. Tun bara aka kawo sadakina. Lefena har ya fara warin akwati."

"To ni na riƙe ki?"

"Wa ya riƙe ni in ba ke ba? Kin san Abba, ƙarama ba ta riga babba fita a gidan nan. Ya ce rana ɗaya zai ɗaura mana, sati guda bayan Sallah. Wai me Yaya Zaharadeen ya yi miki ne?"

Me ya yi mata kuwa? Babu. Abin haushin ke nan. Da mugu ne da ta samu abin kamawa. Yaro mai ladabi, ɗan aminin Abba, ga aiki a Abuja ga gida a Mararaba, ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Laifinsa ɗaya a duniya, shi ba Abdulmuhaimin ba ne.

"Matsa in wuce, na makara," ta ce. Sai da ta hau bayan ɗan acaɓa ta bar hawayen suka zubo.

*

A Tudun Ƙofa take aiki, a kemis ɗin Anti Paulina, wata tsohuwar nas da ta yi shekaru tana aikin asibiti a Ingila kafin ta dawo gida. Mace ce mai faɗa da tsabta, amma tana ji da Ikhlas kamar ita ta haife ta.

Ranar Ikhlas ta ba mai ciwon kai maganin tari, ta ba mai tari canjin da ba nasa ba. Anti Paulina tana kallonta ta saman tabarau.

Bayan azahar sai ga sallama a bakin ƙofa. Inna Huraira ce, mahaifiyar Abdulmuhaimin, da ƙwaryarta a ka. Duk sati takan kawo wa Anti Paulina kindirmo da man shanu. Ikhlas ta yi maza ta fito ta taya ta saukewa, kai a sunkuye, kunya kamar ta nutse.

"Sannu Inna, ya hanya? Ya mutanen ruga?"

"Lafiya lau, 'yar albarka. Yau ba zan zauna ba. Zan koma in ƙarasa shafen ɗakin yaron nan, kada ya zo ya tarar da shi ɗanye."

Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Wane yaro, Inna?" in ji Anti Paulina.

"Mutumin naku mana. Ya ce gobe da asuba zai sauka Abuja." Sai ta dafe baki. "Wayyo ni Huraira! Ya ce kada in faɗa wa kowa, musamman wannan. Kai, bakin tsufa!"

Ikhlas ba ta san lokacin da ledar magani ta suɓuce daga hannunta ba. Gobe? Gobe goben nan? Ta ruga bayan kantar magani ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana kuka a haɗe, tana ta maimaita Alhamdulillahi. Shekara uku na kallonsa a gilashin waya, murya na yankewa, fuska na daskarewa in data ta yi rauni. Gobe zai taka ƙasar Keffi, ya zauna a tabarmar Abba. Rago kuwa ya yi ta kukansa, ya daɗe bai yi ba.

"Ikhlas." Muryar Anti Paulina ba wasa a ciki. "Fito nan. Ƙarin wa'adin da ya nema, ya fito?"

"Bai fito ba, Anti. Shekaranjiya ma ya ce min shiru."

"Tsohuwar bizar fa?"

"Ta ƙare tun watan jiya. Amma ya ce ba komai, tunda ya nema kafin ta ƙare."

"Wannan gaskiya ne, ya yi daidai. In ka shigar da nema kafin kwananka ya cika, zamanka halal ne har su ba ka amsa, ko da sun ja. Amma da sharaɗi, my dear. Zama za ka yi." Ta cire tabarau ta ajiye. "Ranar da ka sa ƙafa ka bar ƙasar alhali ba su amsa ba, a wurinsu ka janye nemanka ke nan. Ya mutu. Ba ruwansu da biki, ba ruwansu da makoki."

Ikhlas ta dafa kantar maganin.

"To ai sai ya sake nema daga nan."

"Zai iya. Sabo fil, daga farko, ya bi layi ya jira, kuma babu mai ba shi tabbas. Makaranta za ta tsaya jiransa? Masu biya masa karatu za su tsaya? Ni da kike gani haka ta faru da ni. Nemana yana hannunsu mamana ta rasu. Na taho jana'iza, ban yi nadama ba, uwa ce. Amma kayana har yau suna can gidan wata ƙawata. Ban sake ganin ƙasar ba."

Inna Huraira tana zaune a kan benci tana bin bakinsu da kallo. Ba ta gane duka ba, amma ta ga fuskar Ikhlas ta canza.

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya, Inna," Ikhlas ta ce.

Ta san abin da ke gabanta sarai, ba sai an fassara mata ba. In ta yi shiru, gobe yana Keffi, Abba ya cika alkawari, ita ta zama matarsa, shi kuma karatun shekara uku ya bi ruwa ana saura watanni kaɗan. In ta yi magana, jibi Sallah ta zo babu shi.

Wallahi sai da zuciyarta ta ce mata ta yi shiru. Wa zai ce ta sani? Ai ɓoye mata ya yi.

"Abeg, kira shi," Anti Paulina ta ce a hankali. "In bai tashi ba tukuna."

*

Kira na farko bai ɗauka ba. Na biyu ma haka. A na uku ta ji hayaniya, da muryar wata Baturiya a lasifika, sannan tasa.

"Ikhlas? Ina cikin aji ne, bari in..."

"Ajin da ake kiran jirgi a cikinsa?"

Ya yi wata 'yar dariya mai kama da ta mai laifi.

"Inna ko? Na san ba za ta iya riƙe sirrin ba."

"Kana ina yanzu?"

"A layin shiga jirgi. An fara kiran mu. Ikhlas, na sayo miki..."

"Abdul, ka saurare ni. In ka hau jirgin nan nemanka ya mutu. Anti Paulina ta ce duk wanda ya fita kafin..."

"Na sani."

Ta tsaya cak.

"Ka sani?"

"Na je ofishin ɗaliban waje na makarantarmu tun satin jiya. Matar ta yi min bayani tiryan-tiryan, har sau biyu, ta ɗauka Turancin ne ban ji ba. Na tambaye ta ko akwai hanyar da za a hanzarta, ta ce tunda na riga na shigar sai haƙuri. Wani ɗan ƙasarmu ya ce in kawo wani abu zai san yadda zai yi, na gane ɗan damfara ne. Duk ƙofar da zan buga na buga. Saura wannan."

"Ka sani, kuma ka sayi tikiti?"

"To me kike so in yi? In zauna a ɗaki ranar Sallah ina kallon bango, a aiko min hoton ki da lalle a hannu na wani? Ikhlas, ba na barci. In na rufe ido hanyar Jigwada nake gani, da ke a bakin kemis kina harara ta don na makara. Digiri takarda ce. Ke fa?"

Hawaye suka ɓalle mata. Ta juya wa su Inna baya ta jingina da bango.

"Kada ka yi min haka, don Allah. Ka san ba abin da nake so a duniya irin in gan ka. Ɗazu da Inna ta faɗa, har tsalle na yi kamar yarinya. Na gaji da waya, Abdul. Na gaji da in ce maka ina lafiya alhali ƙarya nake."

"To ga ni nan tafe."

"A'a."

"Ikhlas..."

"Na ce a'a! Takarda ce? Takardar da Inna ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar ƙwarya daga ruga zuwa gari a kanta? Ga ta nan zaune, ƙafarta duk faso. Kai ka ce min duk damina sai kun binne shanu, ka ce in ka gama ba za a ƙara ba. Ko daɗin baki kake min a lokacin?"

"Ba daɗin baki ba ne."

"To saura wata nawa?"

"Huɗu. Ko biyar."

"Saboda wata biyar za ka zubar da shekara uku? Ka zo ka aure ni, to. Shekara ta zagayo, abokanka su dawo da nasu, kai kana zaune. Ka ɗago ka dube ni, me za ka gani? Ba za ka faɗa ba, na san halinka, amma ni zan gani a idonka kullum. Ba zan iya zama matar da aka yi asararta ba."

"Ke kuma ki zama matar Zaharadeen? Wannan za ki iya?"

Tambayar ta soke ta har ƙahon zuci.

"Ban sani ba," ta ce da ƙyar. "Wallahi ban san abin da Abba zai yi ba. Na yi alkawari, kuma ga Jidda a bayana tana kuka. Ba ni da wani tabbas da zan ba ka."

"Kin ji ko? Ki ce in bar tabbas in kama babu."

"E, haka na ce."

Lasifika ta sake magana a can. Ta ji ƙarar tayoyin akwati, ta ji numfashinsa.

"Saura mutum uku a gabana, Ikhlas."

"Fita daga layin."

"Ba zan iya ba."

"Abdulmuhaimin." Ba ta taɓa kiran sunansa cikakke ba sai yau. "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, in ka hau jirgin nan ka zo Keffi, ba zan fito ba. Ka zauna a tabarmar Abba har Magariba, ni da bakina zan ce ban amince ba. Ka san ba na rantsuwa a banza."

"Haba Ikhlas! Haba! Wannan wace irin ƙauna ce?"

"Irin tawa ce. Ita kaɗai gare ni."

Ta danne baki da mayafi don kada ya ji shesshekarta, amma ina, ya ji, don ita ma tana jin tasa. Namiji guda, a tsakiyar Turawa, yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Ta ji wata murya tana tambayarsa wani abu cikin ladabi, ta ji ya amsa a gajarce. Hayaniyar ta fara nisa.

"Na fita," ya ce. "Ga su can suna shiga."

Ikhlas ta sulale ta zauna a ƙasa. Abin da ta roƙa ta samu, kuma ji take kamar an cire mata wani abu a ƙirji.

Anti Paulina ta karɓi wayar, tana share nata idon da bayan hannu.

"Dakta, Paulina ce. Ka je teburinsu yanzu ka ce ka fasa tafiya, su sauko maka da jakunkunanka. Ka koma gida. Shaidar da suka aiko maka cewa sun karɓi nemanka, ka adana ta a waya, ka kuma buga a takarda. Gobe ka koma ofishin makaranta ka ce musu kana nan, ba inda ka je. Ko ƙasar da ke maƙwabtaka aka gayyace ka, kada ka taka sai ka tambaye su. Ka ji ni? Yauwa. Ka ci abinci."

Ta kashe. Inna Huraira ta taso a hankali ta tsaya a kan Ikhlas.

"Ba zai zo ba ke nan?"

Ikhlas ta gyara ta durƙusa sosai, ta kasa ɗaga kai.

"Ki yafe min, Inna. Ni na hana shi. In ya zo yanzu ba za su bar shi ya koma ya ƙarasa ba."

Tsohuwar ta dube ta. Ita ma fa shekara uku rabonta da ɗanta. Ta sunkuya ta ɗora hannu a kan Ikhlas.

"Ke ya taho dominki, kika mayar da shi domina da shanu." Ta girgiza kai. "Ɗakin zan ƙarasa shafe shi duk da haka. Tashi, ki daina kuka a gaban mutane."

Ta naɗa gammo, suka ɗora mata ƙwarya, ta tafi ba ta waiwayo ba.

*

Ana fitowa daga sallar Magariba Ikhlas ta shiga gida. Ba ta tsaya cire mayafi ba ta wuce falo. Abba yana kan darduma da carbi. Jidda ta biyo ta ta laɓe a bakin ƙofa.

"Abba, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Ya taho. Ya sayi tikiti, har ya shiga layin jirgi, gobe da asuba zai sauka. Ni na ce ya koma."

Jidda ta saki salati. Abba ya tsayar da carbin.

Ta yi masa bayani kamar yadda Anti Paulina ta yi mata, tana yi tana haɗiye kuka: nemansa na hannun hukuma, in ya fito ya rushe, karatu ya tafi. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

"Shi bai san da haka ba?"

"Ya sani, Abba. Da saninsa ya taho."

"Ke kuma kin san abin da kika yi? Jibi Sallah. Mutanen Zaharadeen suna jiran magana daga bakina, ga ƙanwarki."

"Na sani. Ban zo karya alkawari ba. Abin da ka yanke shi zan bi, ko da zai kashe ni. Na zo ne kawai don kada ka ce bai damu ba, ko ka ce raina ka ya yi. Laifin rashin zuwansa nawa ne."

Abba ya dube ta. Fuskarsa ba fushi ba fara'a, kuma duk gidan an san wannan fuskar ta fi fushin ban tsoro.

"Ni na ce ya zo. Ke kika ce ya koma. Ya bar tawa ya bi taki."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan kafet.

"Kira min shi."

"Abba?"

"Kurma kika zama? Na ce kira min shi."

Abban da shekara uku ko gaisuwar Sallah bai yarda ya amsa masa ta waya ba. Ta lalubo lambar, sau biyu tana kuskure, ta miƙa masa da hannu biyu. Bugu ɗaya aka ɗauka. Daga inda take durƙushe tana jin muryar, a dashe, irin ta wanda ya sha kuka ya ƙoshi.

"Ikhlas, na karɓo jakunkunan. Ina cikin jirgin ƙasa, ni kaɗai. Ki faɗa min gaskiya, na rasa ki ko?"

Abba ya gyara zama, ya kai wayar kunnensa.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Ubanta ne."